Babi na Bakwai: Kamun Madadi da Haƙƙin Wanda Ke Hannun 'Yan Sanda

Ginshiƙin haƙƙin duk wanda hukuma ta kama a Najeriya shi ne sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin cikar awa 24. Idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, tilas ne a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, sai fa in laifin da ake zarginsa da shi hukuncinsa kisa ne. Mazaunin Sabon Tasha da ke ƙaramar hukumar Chikun, wanda kotunan majistare na birnin Kaduna ba su yi masa nisa ba, babu hujjar barinsa mako guda a bayan kanta.

Sai dai zaluncin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kamun madadi, wato tsare wanda bai aikata komai ba domin a tilasta wa wanda ake nema ya miƙa kansa. Yanayin sananne ne a garuruwan ƙasar nan: a zo gida da asuba neman saurayin da ake zargi da satar babur, a tarar ba ya nan, sai a tasa ƙeyar mahaifinsa tsoho, ko matarsa da goyo a baya, ko ɗan mayafi ba a bari ta ɗauka ba, a ce za su zauna a caji ofis har ya bayyana. Abin takaici shi ne yadda jama'a da yawa, har da masu ilimi, suka ɗauka cewa haka doka ta tanada, suna cewa ai in an rasa ɗa sai a riƙe uba. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan! Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya haramta hakan ƙarara, Jihar Kaduna ta kafa tata irin dokar a 2017, sannan sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya sake nanata haramcin. Laifi na mai shi ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma zumunta ba ta mayar da mutum abin jingina.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne mayar da ɗan sanda mai karɓo bashi. Ɗan kasuwar da ya ba da buhunan masara bashi, ko mai gidan da ɗan haya ya ƙi biya, yakan garzaya caji ofis yana ganin ya bi hanya, alhali dokar 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, domin wannan hurumin kotu ne. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma yana iya haɗawa da wanda ya sa aka kama shi a cikin ƙarar.

Batun beli kuwa a bayyane yake: kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum. Azabtarwa don tatsar bayani laifi ne da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta yanka wa ɗaurin da ka iya kai shekara 25.

Iyalin da aka riƙe musu wani a madadi su rubuta sunan jami'in, da ofishin, da ranar kamun, su kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a wadda ke ba marasa hali lauya kyauta, ko su shigar da ƙarar neman haƙƙi a babbar kotu. Biyan kuɗi a ɓoye don a saki tsoho yana fitar da mutum ɗaya a yau, amma yana ƙarfafa wa mai kamun gwiwar zuwa gidan maƙwabci gobe.