Rayuwar Yaran Ceroki a Makarantar Mishan ta Brainerd

Ceroki wata ƙabila ce daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. A shekara ta 1817 wani mai bishara, Cyrus Kingsbury, ya buɗe wa 'ya'yansu makarantar kwana a bakin rafin Cikamoga, a jihar Tenesi ta yanzu. Daga baya aka sa mata suna Brainerd.

Da asuba ake tada yara. Bayan addu'ar safe kowa ya kama aikinsa: maza su tafi gona ko faskaren itace, mata kuwa tatsar shanu da girki, da kaɗi da ɗinki. Sa'an nan a shiga aji. Da yake malamai kaɗan ne, manyan ɗalibai ne suke koya wa ƙanana karatu da rubutu da lissafi, su kuma haddace ayoyi daga Littafi Mai Tsarki. In an tashi daga aji a koma aiki, da dare a rufe da waƙa da addu'a. Ɗalibanmu da suke gunaguni a kan sharar safe za su ga ba a kansu aka fara ba.

Amma abin da ya fi wa yaran nan nauyi ba noma ba ne. Da Turanci kaɗai ake koyarwa, ga shi yawancinsu sun zo ba su jin ko kalma ɗaya. Aka sauya musu tufafi. Wasu ma har sunansu aka sauya: in wani mai hali a arewacin Amurka ya ɗauki nauyin yaro, sai a laƙaba wa yaron sunan da shi ya zaɓa. Ku duba fa, yaro ya kwana da sunan da uwarsa ta raɗa masa, ya wayi gari yana amsa sunan wanda bai taɓa gani ba. A ganina 'yan mishan ɗin sun yi kuskure a nan, ko da yake sun yi da kyakkyawar niyya. Ba mamaki iyaye sukan zo su ɗauke 'ya'yansu a tsakiyar karatu, abin da ya dami malaman ƙwarai.

Duk da haka makarantar ta ba da amfani. Catharine Brown ta karɓi baftisma a 1818, ta kuma zama malamar 'yan mata. Wani saurayi maharbi, John Arch, ya yi doguwar tafiya a ƙasa don a karɓe shi, har ya miƙa bindigarsa a madadin tufafi. Da wani ɗan ƙabilar, Sequoyah, ya ƙirƙiro baƙaƙen rubutun Ceroki a 1821, Arch ɗin nan ne ya juya wani sashe na Bisharar Yohanna zuwa harshensu. Iyayen da ba su taɓa shiga aji ba suka iya karanta Maganar Allah da bakinsu.

Karatun bai hana a ƙwace ƙasarsu ba. A 1838 sojojin gwamnati suka tattara Ceroki suka kora su yamma, zuwa inda jihar Okalahoma take yanzu. An ƙiyasta wajen mutum 4,000 suka mutu a sansanoni da kan hanya. A watan Agusta na shekarar aka ci Jibin Ubangiji na ƙarshe a Brainerd, daga baya aka rufe makarantar. Abin da ya rage a wurin shi ne makabarta, a cikin birnin Catanuga.