Makarfi: Abin da noman rake ke koya wa matasa game da buri da sanin darajar kai

Da zarar hunturu ya kama, hanyar da ta tashi daga Tashar Yari zuwa cikin garin Makarfi takan cika da motoci shaƙe da rake. Wasu Kano suka nufa, wasu Abuja, wasu kuma sai sun kwana a hanya kafin su sauke kaya a Kudu. An san Makarfi da maƙwabciyarta Kudan da rake da mazarƙwaila, kamar yadda aka san Ikara da tumatir.

Abin da mai shan rake a birni bai cika tunawa ba shi ne, kowane dami da aka ɗora wa mota kusan shekara guda ya yi a gona. Manomi ya zaɓi iri, ya sassare shi ya binne, ya san lokacin taki da na ban ruwa, kuma tun ranar shuka yana da lissafin watan da zai yi sara. Da wannan lissafin yake tsara auren 'yarsa, da rufin ɗaki, da biyan bashi.

Sai dai wannan tsari na gona bai cika bin matasa zuwa rayuwarsu ba. A majalisun samari, daga Gimi zuwa Hunkuyi, daga Paki zuwa Likoro, hira iri biyu aka fi ji idan zancen gobe ya taso. Akwai mai hangen can sama: babbar mota, gidan bene, kujerar siyasa. Akwai kuma wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa ɗan talaka ba ya zama komai. Shekara takan zagayo ta tarar da su duka biyun a kan benci ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 50 suna nazarin wannan matsala. Abin da suka gano ya yi kama da abin da manomin rake ya daɗe da sani: mutum yakan fara ganin darajar kansa ne idan ya ɗauki aiki mai iyaka, ya sa masa rana, ya kuma cika shi.

Bambancin fata da buri

A 1968 wani masani ɗan Amurka, Edwin Locke, ya fitar da nazarin da ya nuna cewa wanda aka faɗa wa takamaiman abin da zai cim ma, mai ɗan wahala, ya fi yin aiki a kan wanda aka ce wa ya yi iya ƙoƙarinsa kawai. Dalili a fili yake. Iya ƙoƙari ba shi da ma'auni, don haka ba a sanin ranar da aka kai ko aka gaza.

Wanda ya ce yana so ya yi kuɗi, fata yake yi. Wanda ya ce yana so ya mallaki baronsa na tallan rake kafin azumi, ya daina biyan haya, wannan ya kafa buri, domin akwai adadi, akwai lokaci, kuma kowace yamma zai iya duba ko ya matsa.

Wani gwaji da Albert Bandura da Dale Schunk suka yi a 1981 ya ƙara fito da abin. Sun tara yara 'yan firamare da lissafi ya gagara, waɗanda ma sun tsani darasin. Aka ba su aiki mai shafi 42 da za su yi a zama bakwai. Wasu aka ce su sa a ransu za su gama shafi 6 a kowane zama. Wasu kuma aka ce su yi nufin gama duka 42 ɗin zuwa zama na ƙarshe.

Aikin ɗaya ne, lokacin ma ɗaya. Amma yaran da aka gutsura wa aikin sun fi iya lissafin, sun fi yarda cewa za su iya, har suka riƙa zaɓar yin lissafi da kansu a lokacin da babu mai tilasta musu. Kowane shafi 6 da yaro ya kammala ya zama hujja a gare shi cewa kansa na ja. Gaɓa-gaɓa ake shan rake, haka ma buri.

Yabo kaɗai ba ya wadatarwa

Akwai masu ganin cewa maganin raina kai shi ne a yi ta zuga mutum. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta taɓa ɗaukar wannan ra'ayi da muhimmanci, har ta kafa kwamiti a 1986 don bunƙasa yadda mutane ke ganin darajar kansu, da fatan hakan zai rage faɗuwa jarrabawa da shaye-shaye da aikata laifi. Makarantu da dama suka dinga yabon yara ko sun yi abin yabo ko ba su yi ba.

A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi diddigin ɗimbin binciken da aka yi a kan batun. Suka tarar babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa kumbura wa yaro kai na sa ya ci jarrabawa. Abin da ya fi bayyana shi ne, ƙoƙari a makaranta ne ke ƙara wa yaro ganin darajar kansa.

Irin yabon ma yana da tasiri. A wani bincike na 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun ga cewa yaran da aka yaba wa don suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya idan suka faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa don sun dage.

A ƙasar Hausa matsalar takan zo ta wata fuskar. Yabon kai jahilci ne, in ji masu iya magana, kuma ana tarbiyyar yaro a kan kunya da kawaici. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma wani lokaci takan rikiɗe ta zama tsoro: ɗalibi ya san amsa ya kasa ɗaga hannu, yarinya ta iya ɗinki ta kasa faɗin kuɗin aikinta, saurayi ya ƙi neman gurbin karatu don kada a ce ya cika son girma.

Malaman addini sun bambance abubuwan biyu. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Mutumin da ya san abin da ya iya, ya kuma san inda ya gaza, bai shiga wannan sahu ba. Hasali ma shi ne ya fi iya karɓar gyara, domin gyaran ba ya rushe shi.

Haka nan kalmomin da ake jifan yara da su a gida da aji, irin su daƙiƙi ko marar amfani, suna zama a zuciya shekara da shekaru. Uwar da ta sa wa ɗanta albarka tana ambaton ainihin aikin da ya yi, ta ba shi abin da zai riƙe ya maimaita gobe.

Makarantar da ke bakin ƙofa

A cikin garin Makarfi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Shehu Idris, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau, daga baya kuma aka haɗe ta da Jami'ar Jihar Kaduna. Ɗalibai na zuwa daga nesa don koyon aikin lafiya a can. Ga yarinyar da ta tashi a Gubuchi ko Gazara, zama ma'aikaciyar lafiya na iya zama kamar mafarki, alhali makarantar tafiyar babur ce daga gidansu.

Idan aka warware mafarkin, matakai ne da ake iya ƙirgawa. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Ana bukatar zama jarrabawar JAMB, wadda makinta 400 ne. Ana bukatar kuɗin rajista a watan da ake sayar da fam. Daga nan burin wannan makon zai iya zama gama babi ɗaya na Kemistiri da amsa tambayoyin shekara guda na jarrabawar baya.

Ko tarihin ɗan garin da ya fi shahara haka yake. Ana tuna Sanata Ahmed Mohammed Makarfi a matsayin gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007, kuma sanata daga 2007 zuwa 2015. Kafin nan ya karanta aikin akanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana aikin banki, ya riƙe kwamishinan kuɗi na jiha. Mai kallon kujerar kaɗai ba ya ganin tsanin.

Darasi daga Nijar

Hujja mafi kusa da gida ta fito ne daga Jamhuriyar Nijar, a wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2022. An yi shi ne a kan matan karkara masu karɓar tallafin kuɗi na gwamnati, ciki har da na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Dukkansu an haɗa su a ƙungiyoyin ajiya, an koya musu dabarun sana'a.

Daga nan aka bambanta. Wasu aka ƙara musu jari na sefa 80,000. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka nuna wa garinsu wani fim a kan ma'auratan da suka tashi tsaye suka canza sana'a, aka tattauna a bainar jama'a, sannan aka yi wa matan horon kwanaki a kan sanin darajar kai, kafa buri, warware matsala da iya magana. Rukuni na uku aka haɗa musu duka biyun.

Bayan wata 18, kowane rukuni ya samu ci gaba a kuɗin shiga da abincin gida. Amma da aka auna riba da abin da aka kashe, tsarin da ya ƙunshi horon zuciya ne ya fi biyan kuɗinsa. Abin lura shi ne ba a tsaya ga matan kaɗai ba, an jawo mazajensu da dattawan gari cikin hirar. Burin mace a karkara ba ya nisa idan gida bai amince ba.

A Lome ta ƙasar Togo ma an gwada makamancin haka da ƙananan 'yan kasuwa 1,500. Waɗanda aka koya wa sa wa kai buri da hangen matsala tun kafin ta zo, ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 a cikin shekara biyu, abin da ya zarce na waɗanda aka yi wa horon kasuwanci na gargajiya.

Idan gona ta ƙi

Wannan ba ya nufin duk wanda bai samu ba laifinsa ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na ban ruwa, ya cinye jarin masu ƙaramin ƙarfi da yawa.

Manoman Ikara ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir ta afka wa gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Mutumin da ya yi komai daidai ya wayi gari gonarsa ta ƙone ƙurmus. A irin wannan rana ake gane amfanin sanin darajar kai. Wanda ya ɗaura mutuncinsa a kan kwandunan da ya ɗiba, asarar takan karya shi gaba ɗaya. Wanda ya san cewa gonar ce ta lalace, iyawarsa na nan, shi ke komawa fadama da wani lissafin, ko da barkono ne ko albasa.

Shi ya sa ya fi kyau mutum ya rataya burinsa a kan abin da ke hannunsa. Farashin rake a kasuwa ba ya hannun mai talla. Adadin da zai jefa a asusu duk ranar da ya fita, wannan nasa ne.

Ta ina za a fara?

Kayan aikin duk suna nan a gari. Adashe kansa kafa buri ne: akwai zubi, akwai ranar kwasa, akwai idon jama'a da ke hana saɓa alkawari. Abin da ake yawan rasawa shi ne yanke shawarar abin da za a yi da kwasar tun kafin ta zo hannu.

A misali, mai tallan rake da ke ajiye naira 500 a rana, kwana shida a mako, zai tara 3,000 a mako, 60,000 a mako 20, wato kafin kakar rake ta wuce. Idan ya rubuta adadin da ranar a takarda ko a wayarsa, ya faɗa wa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ya kuma ware ranar duba lissafi a kowane mako, ya riga ya bar sahun masu fata.

Masanin nan Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyya ta fi cika idan aka ɗaura ta da lokaci da wuri. Ɗalibin da ya ce zai riƙa karatu ya bar ƙofa a buɗe. Wanda ya ce bayan sallar Asuba zai zauna a zaure ya yi minti 40 yana Lissafi, ya fi kusa da aikatawa.

Buri ɗaya ya isa a fara da shi, kuma ƙarami, wanda za a iya gamawa cikin wata guda ko biyu. Idan ya cika a ɗora wani a kai. Idan ya ƙi, a duba inda lissafi ya kuskure, a sake sa rana. Iyaye da malamai da iyayen gidan sana'a na da rawar takawa a nan: su tambayi yaro abin da ya sa a gaba a wannan watan, su kuma tuna su sake tambayarsa idan watan ya ƙare.