Kafin Ku Yar da Tsohuwar Kwamfuta

'Yan'uwa, a garuruwanmu daga Haɗeja zuwa Auyo da Guri, sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da lissafin ƙungiyar manoma, a kanta kuma yara ke koyon aiki, tun da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. In ta fara nauyi, sai a ce ta mutu. Galibi ba ta mutu ba, ma'ajiyarta ce ta gaji.

Tsohuwar ma'ajiya, wadda masu gyara ke kira HDD, faifai ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Zafi da faɗuwa da ɗaukewar wuta suna lalata shi. Sabuwar, wato SSD, ba abin da ke motsi a cikinta. Saurin karatunta ya ninka na faifan kamar sau huɗu ko biyar, ba ta kuma cin wuta sosai. Mai girman gigabait 256 ta isa aikin gida. Ana samunta a Titin Beirut a Kano. Ku tafi da kwamfutar, domin mai gyara ya duba irin wadda za ta shiga.

Katin hoto, wato sashen da ke zana abin da kuke gani a allo, shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. Rubutu da lissafi da kallon bidiyo ba sa bukatar sabo. Wanda ya zo da kwamfutar ya isa. Masu haɗa fim da masu zanen gini ne ke bukatarsa. Babba yakan ci wat 200 ko fiye, nauyin da ƙaramar sola ba za ta ɗauka ba. Na laftof kuwa galibi a manne yake, ba ya canzuwa.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, ku kwafe dukan takardunku a filashi, ku buɗe su ku tabbata sun shiga. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ruwa ba ya sallama, don haka ku sa filashin a leda, ku ajiye a sama, wani kwafin kuma a gidan ɗan'uwa da ke kan tudu. Kwamfuta ana sake saye, amma sunayen masu bashin taki da iri, in sun ɓace, rigima ce tsakanin maƙwabta.