RAWAR TANGO: BA A GYARA WA ƊAN KOYO A TSAKAR FAGE

A gidajen rawa na birnin Buenos Aires, hedkwatar ƙasar Ajantina, akwai wata doka wadda ba a rubuce take ba, amma duk tsohon hannu ya san ta: ba a gyara wa abokin rawa kuskure a tsakar fage, kome girmansa. Rawar da ake nufi ita ce tango, wadda ta tsiro wajen ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawan wannan birni da na Montevideo ta ƙasar Yurugwai. Mutum biyu ke yin ta riƙe da juna, ɗaya na ja, ɗaya na bi.

Dokar tana da dalili. Ita tango ba a haddace takunta tun daga fari har ƙarshe. Jagora ne ke ƙaga taku nan take, ya nuna inda za a nufa da juyin ƙirjinsa, ba da baki ba, ba kuma da fizgar hannu ba. Saboda haka idan abokiyar rawa ta kauce, gwani yakan fara tuhumar kansa, watakila alamarsa ce ba ta fito sosai ba. Sai ya bi ta inda ta nufa, ya mai da kuskuren wani sashe na rawar, sa'an nan ya rage ado, ya koma ga tafiya zalla daidai da kiɗa.

Har ila yau, masu rawa suna kewaya fage ne a jere, saɓanin tafiyar hannun agogo. Wanda ya tsaya yin bayani ya tare wa na baya hanya, ya kuma tona asirin ɗan koyo a bainar jama'a. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wannan fage yakan zama. Akan sa kiɗa uku ko huɗu a jere kafin a sake abokin rawa. Idan mace ta ce "na gode" tun ba a kai ƙarshe ba, to, ta sallami namijin ke nan, kuma kowa ya gani.

Gyara yana da muhallinsa, watau dandalin gwaji da suke kira practica. A shekarun 1940, lokacin da tango ke tashe, samari sukan koya a tsakanin maza 'yan'uwansu, kuma sabon shiga yakan shafe watanni yana takun mace kafin a bar shi ya yi ja. Ta haka yake sanin zafin muguwar jagora a jikinsa tun bai ɗora wa wata ba.

Wannan tarbiyya ta yi rauni bayan 1955, sa'ad da soja suka hamɓarar da Shugaba Peron, matasa kuma suka karkata ga kiɗan Turawa, gidajen rawa da dama suka rufe. Sai a 1983, da aka nuna wasan Tango Argentino a birnin Faris, rawar ta soma farfaɗowa, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya abin tattali a 2009.

Al'adar da ta taɓa kusan rasa magada ta san darajar baƙo. Ɗan koyon da aka kunyata yau da wuya ya komo gobe, alhali kuwa da koyo akan iya.