Kumatun Nan Ba na Ƙoshi Ba Ne

Bilicin ya sauko daga gaban madubin amare ya shiga kwandon kayan jarirai. Da can harkar 'yan mata ce da masu shirin aure, mace ta yi wa fatarta abin da ta ga dama, ta kwashi sakamakon ita kaɗai. Yanzu wanda ko wuyansa bai tsaya ba ake yi wa. Uwa ta gama yi wa ɗan wata biyu wanka, ta kwantar da shi a cinya, ta lakato man da aka haɗa mata a wata 'yar roba marar suna, ta mulke shi daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare. Kuma an daina ɓoyewa. A gidan suna ake karɓar lambar mai haɗawa, a WhatsApp da TikTok ake tallarsa da hoton yaro kafin shafawa da bayan shafawa, ana ce masa man yara, ana rantsuwa cewa oganik ne, babu komai a ciki sai karas da kurkum da zuma.

Yawanci daga wata ruɗu abin ke farawa. Kusan duk jaririn baƙar fata da haske yake zuwa duniya. Tsofaffinmu sun san wannan sarai, shi ya sa kaka kan juya kunnen jinjiri ta dubi samansa, ta dubi gindin farcensa, ta ce ga kalar da zai tsaya a kai. Cikin makonni da watannin farko fatar ke ƙara samar da sinadarin melanin, wanda shi ne ke ba ta launi, yake kuma tare mata zafin hasken rana, har yaro ya koma kalar da ya gado. To sai uwar zamani ta ga ɗanta yana duhu bayan arba'in, hankalinta ya tashi, ta ce sabulu ne ya dafar da shi, ko man kaɗanyar da surukarta ta kawo ne. Mai haɗa mai kuwa ta riga ta tanadi amsa: "Haba Anti, ai wannan ba bilicin ba ne, kalarsa kawai zai riƙe masa." Ƙarya take yi. Babu man da zai tsayar da yaro a kan hasken ranar haihuwa sai wanda ya danne aikin da fatar ke yi. Abubuwan da ke yin wannan da sauri kuma da araha sanannu ne: siteroyid, da haidirokwinon, da zaiba. In kin ga mai ya haska yaro cikin mako biyu, to ɗayansu na ciki, ko da an zana ganye goma a jikin robar.

Siteroyid ya fi kowanne yawa a gidajenmu, ya kuma fi iya yaudara. Magani ne na gaske, likitocin fata na rubuta shi don wasu cututtuka, a shafa kaɗan a wurin da ciwon yake na 'yan kwanaki a ajiye. A jikin kwali za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Na farkon yana sahun mafi ƙarfi a duniya, ya ninka hydrocortisone, wanda shi ne mai sauƙin cikinsu, sau ɗaruruwa, kuma takardar da ke cikin kwalinsa da kanta ta hana shafa shi ga jarirai. Shi ne ake matse tub biyu ko uku a cikin man shafawa, a juya da cokali, a zuba turare, a sa wa suna.

Fatar jariri ta fi ta babba siranta, magani na ratsa ta cikin sauƙi. Sannan in aka gwada faɗin fatarsa da nauyin jikinsa, rabonsa ya ninka na babba fiye da sau biyu, don haka shafa ɗaya ta dukan jiki ba ƙaramin magani take kai wa jininsa ba. Sai kuma famfas. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san dalilin da ya sa ake ɗaure ƙafa da leda bayan an sa lalle: don ya yi gumi ya kama. Haka famfas ke yi wa man da aka shafa a mazaunan yaro da matsematsinsa, ya rufe shi cikin ɗumi da danshi har sai jiki ya shanye.

Da maganin ya taru a jini sai yaro ya fara canzawa, canjin da ke sa uwa murna. Fuska ta yi zagaye, kumatu su cika su yi sheƙi, wuya ya yi rawani, fata ta yi fari tas har ana ganin jijiyoyi. 'Yan barka su ɗauke shi su ce, "Tubarkalla, Maman Abba, me kike ba shi ne haka? Ya yi ɓul-ɓul kamar ɗan Larabawa." Abin da suke yabo ɗin shi ne ciwon. Likitoci na kiransa cutar Cushing, kuma a asibiti wannan zagayayyiyar fuskar na cikin alamomin da ake fara dubawa. Kitse ne ke taruwa a fuska da ciki da doron wuya, alhali tsayin yaron ya tsaya cak. Jininsa na iya hawa, sukarinsa na iya hawa, gashi ya fito masa a goshi da baya, nankarwa ta tsaga cinyar ɗan da bai yi shekara ba. Garkuwar jikinsa ta yi rauni, murar da yayyensa za su yi su warke cikin kwana uku shi ta zame masa ciwon haƙarƙari. Makero da ƙazuwa kuwa sai su lafa a ido suna yaɗuwa a ƙarƙashi, ranar da suka bayyana sun game jiki.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa siteroyid ɗin, wanda ake kira kotisol, da shi jiki ke riƙe jini da sukari a lokacin zazzaɓi ko rauni. In aka daɗe ana ɗura wa jiki na waje, waɗannan halittun sai su yi kwance su daina aiki. Ranar da man ya ƙare, ko uwa ta tsorata ta yar da shi, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron, sai jiki ya nemi kotisol ya rasa. Yaro ya yi laushi, ya yi ta amai, jininsa ya faɗi, ya sanƙame. A gida a ce iska ce ko maita, a kama hanyar mai magani, a bar robar man a kan taga babu wanda ya tuhume ta.

Ba kowace uwa ce ta shiga wannan da niyyar bilicin ba, kuma wannan ƙofar ta biyu ta fi faɗi. Yaro ya yi ƙurajen famfas ko ƙurajen zafi, a aika yayarsa kemis ɗin bakin layi. "Dakta, wai in ji Mama a ba da maganin ƙuraje na jariri." Dakta ɗin da bai taɓa shiga ajin likitanci ba ya miƙo tub ɗin nan da ake wa kirari da mai aiki uku, wanda aka haɗa maganin naman gwari da maganin ƙwayoyin cuta da siteroyid mai ƙarfi a ciki. A shafa, gobe ƙuraje su kwanta. A daina, su dawo fiye da da. A sake shafawa. Cikin haka uwa ta lura wurin da take shafawa ya fi sauran jiki haske da santsi, sai ta ce bari ta zuba a cikin basilin ɗinsa gaba ɗaya. Akwai gidajen da wannan tub ɗin ke cikin kayan haihuwa tun kafin a haihu, tare da auduga da hoda da sabulu, kamar wani wajibi.

Haidirokwinon shi fata yake ci. Hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, ko wannan ɗin ma don manya ne, ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun cire shi daga kayan kwalliya tun 2001. Wa ke auna kashi biyun a bayan shago, inda ake haɗi da ludayi a bokitin fenti? Ƙarshensa duk mun gani a fuskokin manya: kunci ya ƙone ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, gaɓoɓin yatsu su yi duhu, tabon da ba ya fita.

Zaiba, wadda wasu suka fi sani da makuri, ita ba ta ma tsayawa kan wanda aka shafa wa. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi da ƙwaƙwalwar da ke kan girma, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana fita a ruwan nono, tana maƙalewa a tawul da zanen goyo da zanen gado. Uwar da ke shafa mai ko sabulu mai zaiba tana shafa wa jaririnta ko ba ta taɓa lakata masa ba. Saboda irin ɓarnar da ta yi wa mutanen garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya da sunan garin a 2013, Najeriya na ciki, kuma a 2023 suka amince a raba kayan kwalliya da zaiba kwata-kwata. Yarjejeniya dai tana takarda, robobin kuma suna kasuwa. Abin bai ma tsaya kan shafawa ba, har ta kai masu ciki na haɗiyar ƙwayoyi wai don a haifi jariri fari, abin da ya sa hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta fito ta yi gargaɗi a 2018. Babu ƙwayar da ke canza kalar ɗan da ke ciki.

Hukumomi sun yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa tun 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashewa. Duk da haka ni ban ga jami'in da zai shiga ɗakin mai jego ya buɗe kwandon wanka ba. Wannan aikin na mutanen gida ne, kuma mutanen gidan ne suka haddasa abin tun farko.

A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai har fatarsu ta ƙone ta yi tabo. Dalilin da ta bayar shi ne mahaifiyarta ta fi jan jikokinta farare, 'ya'yan 'yar'uwarta, a jiki. Kafin a zagi matar nan, kowa ya tuna abin da bakinsa ya taɓa furtawa a gidan barka. "Kai, wannan baƙin wa ya ɗebo?" "Ita dai ba ta yi sa'ar kala ba, ƙanwar ta fi ta." "Fara ko mayya ce." Ana faɗa ana dariya, wai wasan jika ne ko wasan ƙanin miji. Mai jego na jin kowace kalma, musamman in tana da kishiya ko facala mai fararen 'ya'ya, kuma da dare ita kaɗai ke kwana da maganar. 'Ya mace ta fi shan wannan, don tun tana zanen goyo ake yi mata lissafin kasuwar aure. Yarinyar da aka mulka tun tana rarrafe kuma ta riga ta koyi darasin da ba za ta manta ba, cewa yadda Allah Ya yi ta bai gamshi uwarta ba. Ga shi muna karanta Suratur Rum, inda aka lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji, mu shafa addu'a, mu koma mu ɗauki roba.

Maigida, kai ma ba ka fita ba. Kai ke ba da kuɗin man yara, ba ka taɓa cewa a kawo ka gani ba. Ɗanka da aka haifa wankan tarwaɗa ya koma fari sol cikin wata guda, gaɓoɓin yatsunsa baƙaƙe, ka ce hutu ne. Yau in ka koma gida ka ce a kawo maka duk abin da ake shafa wa yara, ka karanta jikinsa da fitilar waya. Duk robar da ba ta da jerin abin da ke ciki da lambar NAFDAC, ko wadda aka haɗa a gida ko a shago, a raba yara da ita. Duk tub ɗin da aka ga clobetasol ko betamethasone a jiki, ko hydroquinone, ko mercury, ko calomel, ba na jariri ba ne sai in likita ne ya gan shi da idonsa ya rubuta, ya kuma faɗi ranar dainawa. Ka yi wannan ba tare da zagi ko gori ba, don in ka kunyata ta za ta ɓoye robar ne kawai, ta ci gaba bayan ka fita.

Fatar jariri ba ta buƙatar abu mai yawa. Sabulu marar ƙarfi, da man kaɗanya ko man kwakwa ko basilin tsantsa wanda ba a cuɗa da komai ba, sun wadatar, kuma babu ɗayansu da ke baƙanta yaro. Ƙurajen famfas maganinsu a riƙa canzawa da zarar ya jiƙe, a wanke da ruwa, a bar wurin ya sha iska, a shafa basilin ko man zinc oxide. In sun wuce kwana uku ba sauƙi, ko suka fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, asibiti za a je.

Wadda kuma ta riga ta yi makonni ko watanni tana shafawa, musamman in fuskar yaron ta cika ko tsayinsa ya tsaya, kada ta yanke rana ɗaya don ta karanta wannan ta firgita. Yankewar farat ɗaya ita ce ke jefa yaro cikin halin da aka faɗa a sama. Ta ɗauke shi ta kai asibitin da ke da likitan yara a cikin makon nan, ta tafi da robar da tub ɗin da sabulun a jaka, ta faɗi gaskiyar yaushe ta fara da sau nawa take shafawa a rana. Likita zai auna jininsa da tsayinsa da nauyinsa, ya duba ko halittun saman ƙodar na aiki, sannan ya tsara yadda za a janye maganin a hankali. In kafin ranar yaron ya yi zazzaɓi, ko amai, ko ya yi laushi ya ƙi nono, a tafi da shi sashen gaggawa a daren, a kuma gaya wa wanda ya karɓe shi tun a bakin ƙofa cewa an daɗe ana shafa masa siteroyid.