Manhaja Ɗaya, Harsuna Da Yawa: Yadda Ake Haɗa Ta

Wanda ya buɗe Telegram a wayarsa ta Android abu ɗaya yake gani. Amma da zai sauko da tushen manhajar, wato asalin rubutun da masu ƙirƙirarta suka ajiye a GitHub don kowa ya duba, zai tarar ba da harshe ɗaya aka rubuta ta ba. Shafukan da yatsa ke taɓawa da Java aka yi su. Ayyuka masu nauyi kuwa, irin su kiran murya da sarrafa bidiyo, suna cikin wata jaka mai suna jni, kuma da C da C++ aka rubuta su.

Akwai dalili. Java da kuma harshen Kotlin, wanda Google ta karɓa a hukumance don Android a 2017, sun fi sauƙi wajen tsara fuskar manhaja. Rubutun C kuma ana juya shi kai tsaye zuwa umarnin da furosesa ke ganewa, shi ya sa yake da sauri. Sannan akwai kayan aiki irin su FFmpeg da aka daɗe da rubutawa da C, babu mai ɓata shekaru yana sake rubuta su.

Wurin haɗawa, wani kayan aikin gini mai suna Gradle ne shugaban ma'aikata. Shi ke sa a juya Java da Kotlin su zama fayilolin dex, sannan ya kira wasu kayan aiki da ake ce wa NDK su juya C da C++ su zama fayilolin so. Wannan ɓangaren sai an yi shi sau da yawa, domin kowane irin furosesa da nasa: arm64-v8a na wayoyin zamani, armeabi-v7a na tsofaffi. Daga nan a tattara komai cikin fayil ɗaya da ake kira APK, a sa masa hannu da mabuɗin sirri, don Android ba ta girka manhajar da ba a sa wa hannu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗa. Tafintan da ke tsakanin Java da C shi ake kira JNI, kuma ba ya yafe kuskure. Idan Java ta kira aiki da wani suna, ɓangaren C kuma ya sauya harafi ɗaya, ginin zai kammala lafiya lau. Sai an buɗe manhajar ta kai wurin, ta mutu nan take da saƙon UnsatisfiedLinkError. Haka nan idan NDK ɗin da ke kwamfutarka ya saɓa da wanda aka yi aikin da shi, za ka kwana kana farautar kuskure a rubutun da ba shi da laifi.

Saboda haka mai koyo kada ya yi gaggawar danna maɓallin gini. Ya fara buɗe fayil ɗin build.gradle, ya ga lambar NDK da ta SDK da aikin ke nema, ya girka su daidai, sannan ya ce bisimilla.