Daga Zagami Zuwa Chile: Wa Ke Amsawa In Sama Ta Yi Kira?

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami, can wajen Faskari, sai ya ji ƙara kamar tsawa. Kafin ya ankara, dutse ya faɗo 'yan taku daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Ni ɗan yankin Funtua ne, amma wallahi sai da na shigo makarantar nan na ji labarin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da mutumin nan ya yi shiru, shi ke nan.

Shi dai Zagami ya bar dutse. Akwai abubuwan da ke faruwa a sararin samaniya da ba sa barin komai sai haske, shi ma ya dusashe. Tauraro ya fashe, ko biyu su yi karo, su watso wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, na daƙiƙa ɗaya ko 'yan mintoci. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, don haka sai taurarin ɗan'adam ke ganinsa, irin su Swift da Amurka ta harba a 2004 da Fermi na 2008.

Matsalar ita ce, Fermi yakan ce "ga shi can wajen", amma ba ya iya nuna takamaiman wuri. Dole madubin hangen nesa da ke ƙasa ya juya ya lalubo sauran hasken kafin ya mutu. To wa zai gaya wa wa?

Ku tuna yadda ake ganin watan azumi. Wanda ya gani ba ya riƙewa, yana kai wa mai unguwa, a kai wa hakimi, a kai wa sarki, har fadar Sarkin Musulmi. Masana taurari ma suna da irin wannan, wani tsari na hukumar NASA mai suna GCN. Tauraron ɗan'adam na ganin walƙiyar, cikin daƙiƙoƙi saƙo ya bazu duniya, wasu madubai ma kwamfuta ce ke juya su ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Sannan duk wanda ya duba ya rubuto abin da ya gani. Har wanda bai ga komai ba yana rubutowa, don kada wani ya sake ɓata darensa a wurin. Wannan ɓangaren ya fi burge ni.

Ranar 17 ga Agusta 2017 aka ga amfanin abin. Da ƙarfe 1:41 na rana agogonmu, na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar karon wasu gawarwakin taurari biyu. Ba a cika daƙiƙa biyu ba Fermi ya ga hasken gama. Da aka haɗa da bayanan na'urar Virgo ta Italiya, aka fitar da taswira, amma filin da ta nuna ya ninka faɗin cikakken wata sau fiye da ɗari. Masu madubin Swope a Chile ba su tsaya share filin duka ba. Sun jera garken taurarin da aka sani a daidai wannan nisa, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kusan awa 11 bayan karon suka same shi a garken NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Cibiyoyi wajen 70 suka yi masa gayya. Cikin kwanaki hasken ya juya daga shuɗi zuwa ja, kuma daga nan aka samu shaidar cewa irin wannan karo ne ke ƙera ma'adinai masu nauyi, dangin zinariya.

Me ya sa Chile? Saboda can duhu ya riske su a shirye. Amma ku lura fa: taswirar ta fito kusan awa biyar bayan karon, daidai magaribarmu, wurin kuma yana nan sama ta yamma bai faɗi ba. Mun riga Chile shiga dare da awoyi. Kuma ba sai ƙaton madubi ba, mai faɗin santimita 40 ma ya gan shi a daren.

Kar na yi muku daɗin baki. Agusta marka ce a wajenmu, wataƙila hadari kawai za mu gani, ga ƙurar hunturu da ke rufe sama wasu darare. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Malumfashi bayan ɗaukewar ruwa ya san duhun da mutanen birni ke nema da kuɗi. Hukumar NASRDA na da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, can kudu inda gajimare ya fi namu yawa.

Injin da zai juya madubi da manhajar da za ta karanta saƙon, aikin 'yan lantarki ne da 'yan kwamfuta, irin furojet ɗin da muke yi a shekarar ƙarshe. Ni nawa ya riga ya wuce, na'urar auna danshin ƙasa na yi. Amma rajista da GCN kyauta ce, imel kawai ake buƙata. Na yi tawa, jiya ma saƙo ya shigo ina layin ɗibar ruwa a hostel.